Ni da Kawu Bawa a Kasuwar Sifika ta Anaca

Tun da na dawo daga Anaca ba a bar ni na sha ruwa ba. Duk wanda ya shigo shagon Tela Isiyaku, ko ɗinki ya kawo ko faifai ya zo karɓa, sai ya jingina da teburina ya ce, “Sanusi, ya Kudu?” Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma kowa ya fita da shi sai ya ƙara masa gishiri. Shekaranjiya na ji wai ta ruwa muka tafi, jirgi ya kife da mu a Lakwaja. To ga shi nan na rubuta yadda aka yi, wanda ya karanta don Allah ya ƙyale ni in yi aikina.

Sana’ata juya kaset ɗin biki da na suna zuwa faifai da kwamfuta. Ba ni da shago. Isiyaku abokina ne tun firamare, shi ya ba ni kusurwa a shagonsa da ke bakin kasuwar Yelwa, bisa sharaɗi guda: iyakata teburina. Ranar da kayana suka taɓa wurin masu ɗinkinsa, in kwashe komatsaina in kama gabana. Kuma kowa ya san Isiyaku, ba ya magana biyu. In na rasa kusurwar nan ba ni da wurin zuwa, don ɗakinmu ni da matata Hadiza ko tabarma ta biyu ba ya ɗauka.

Teburin taƙi huɗu ne, talabijin ɗin kwamfutar mai ƙatuwar ƙeya ta cinye fiye da rabinsa. Sifikun da ke kai guda biyu ne masu kukan sauro, ga kekunan ɗinki suna ruri a kunnena daga safe har magariba. Sau da yawa sai mai biki ya dawo min da faifai ya ce kiɗa ya danne muryar sanƙira, ni kuwa ban ji ba. A Sakkwato na taɓa ganin maganin abin: wasu ’yan sifiku biyar, kowanne bai fi ƙwallon mangwaro ba, da babba ɗaya da ake turawa ƙarƙashin tebur. Biyu a gabanka, ɗaya a kan talabijin, biyu a rataye bayan kujera. Sauti ya kewaye kanka kai kaɗai, ba sai ka ƙure murya ka dami kowa ba. Tun ranar abin ya tsaya min a rai.

Kuskuren da na yi shi ne na faɗi haka a kan tuwo a gaban Kawu Bawa. Ƙanin Inna ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya sa ni makaranta, ya yi min aure. Fataucin kifin banda yake yi daga bakin tafki zuwa Anaca.

Ya ajiye loma ya ce, “Wanga abu Anaca akwai shi?”

Na ce, “Ba a rasawa, Kawu.”

“To jibi mota na tashi. Ka shirya. Ni ka saya maka, gudummawata ta.”

Na yi godiya, Hadiza ma ta yi. A lokacin har murna nake.

Daga Warra aka yi lodi. A nan na ga yadda Kawu ke ciniki, kuma da ina da hankali da tun nan na koma gida. Matan masunta suna shirya kwando ne da manyan tarwaɗa a sama, ƙanana a ƙasa. Kowa ya san da haka, su ma sun san an sani. Kawu ba ya ko kallon saman kwando. Shimfiɗa tabarma yake yi ya kife shi, ya bi kifin ɗaya bayan ɗaya. In ya ga babba guda da tarin ƙanana sai ya tafa hannu ya ce, “Uwa da ɗiya anka kawo mani? Ni ba renon kihi nika yi ba.” Wata tsohuwa ta ce masa tun yana yawo ba wando take sayar da kifi, ya ce shi ya sa ta ƙware a ɓoye ƙanana. Suka yi ta cacar baki har rana ta take, ni ina tsaye da jaka ƙudaje suna yi min maraba.

A gaban mota aka sa ni tsakiya. Kawu ya kama taga don tofar da tukar goro, direbanmu Dogo yana hagu da ni, duk giyar da zai sa sai ta bugi gwiwata. Dogo mutum ne mai labari ɗaya tak, na ranar da birkinsa ya tsinke a gangaren Okene, kuma yana ba da shi ne da hannu biyu, sitiyari kuwa Allah ke riƙe da shi. Kafin Kwantagora na haddace labarin, kafin Tegina na fara gyara masa inda ya manta.

Da muka bar ƙasar Kebbi sai shingaye suka fara. Ban san motar kifi tana da dangi da yawa haka ba. Ko’ina sai an ɗaga tamfol, an shaƙi iska, an ce, “Alhaji, me ka kawo mana?” Kawu ya tanadi kwando guda na baragurbin kifi don wannan, yana miƙawa yana murmushi, mota na tashi ya bi su da abin da ba zan rubuta ba. Can gaba da Lakwaja kuma wasu samari ne ke jefa katako mai ƙusoshi a gaban taya, su ce sai an nuna takardar da ko Dogo bai taɓa jin sunanta ba. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya tambayi mene ne aikina a motar. Kawu ya ce, “Injiniya na.” Nan take kuɗin ya ƙaru.

Taya ta fashe mana sau biyu. A ta biyun aka ce in taya riƙe jak, rigar da na tanada don shiga gari ta tashi daga aiki.

A Lakwaja na fara cin abincin Kudu. Wani farin tuwon rogo aka kawo mai tsami, da miya mai yauƙi wadda in ka ɗaga loma sai ta bi ka har baki ba ta tsinke ba. Na sa haƙori ina tauna, mai abincin ta yi ta dariya tana nuna min maƙogwaro, wai haɗiya ake yi. Ni da na tashi da tuwon shinkafa da miyar sabon kifi, sai ga ni ina haɗiyar abu kamar magani. Warinsa bai bar hannuna ba har Asaba. Kawu kuwa bai taɓa ba. Ya kwance ƙullin dambun kifinsa da ƙuli-ƙuli, yana ci yana kallona da tausayi.

Iyaka ta gaskiya ita ce gadar Anaca. Kana hawanta ka san ka bar duniyar da ka sani. Na leƙa ƙasa, Dogo ya ce ai ruwanmu ne, shi ne dai wanda ke wucewa ta bayan Yelwa. Na ji wani iri. Ruwan da ya taso daga ƙofar gidanmu ya riga mu isowa, ba shinge, ba faci, ba labarin birki.

Mun sauka gidan fatoman Kawu, wato mai masaukinsa, wani dattijo mutumin Shanga da ya daɗe a can har Hausarsa ta fara karkacewa. Ɗaki ɗaya aka ba mu ni da Kawu, rabinsa buhunan albasa ne. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ruwan wanka saye ake yi, bokiti-bokiti, ga kogi kwance ana kallo. A gida ko maƙiyinka ya yi sallama ruwa kake fara ba shi. Mutanen garin kuma ba su da lokacin gaisuwa. Ka ce ina kwana, kafin ka kai ga ina gajiya an tambaye ka me za ka saya. Amma zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin masu neman na kai irinsu ba. Mata na tuƙa babur da kaya niƙi-niƙi, ruwan sama na zuba, babu wanda ya fake.

Sai da Kawu ya gama sayar da kifinsa muka shiga kasuwar kayan wuta. Kowane shago ya ƙure kiɗansa, ’yan jan hannu sun yanyame mu, wannan ya kama rigata, wancan ya kama jakata. Da ƙyar fatoma ya kai mu wurin wani Ibo mai suna Ibuka, wanda aka haifa a Kwantagora, yana jin Hausa. Ya kawo wani ɗan goro mai ɓari huɗu a faranti, ya ɗaga shi sama ya yi ta addu’a da yarensu kafin ya fasa, ya haɗo da wani yajin gyaɗa wai a dangwala. Kawu ya raɗa min, “Goro guda anka yi ma wagga huɗuba? In ƙwarya sunka samu sai su kwana.”

Ibuka ya san aikinsa. Ya tambaye ni girman tebur, na gwada masa da hannu. Ya tambayi rami nawa ne na sauti a bayan kwamfutata, na ce uku, ya ce to za ta ɗauka. Ya ce kada in kuskura in sayi sifikar da ba a yi don kwamfuta ba, maganaɗisun cikinta zai ɓata kalar talabijin. Ya jawo kwali ya buɗe. Ga su nan, irin na Sakkwato sak, baƙaƙe, da doguwar waya ta na baya, da ’yan ramukan ratayewa a ƙusa. Ya zaunar da ni a kujera ya jera su ya kunna. Na ji ruwan sama ya taso daga hagu, ya bi ta ƙeyata ya koma dama, har na ɗaga kai ina duba rufi. Wallahi saura kaɗan in yi ƙwalla.

Sai na ji Kawu ya ce, “Tashi.”

Ya ɗauki kwalin da babu komai ya leƙa ƙasansa. Ya ɗaga babbar sifikar ya jinjina, ya ɗauki ƙarama ya jinjina. Sannan ya jera su a ƙasa, ya tafa hannu.

“Uwa da ɗiya,” in ji shi. “Har nan ma?”

Ibuka ya ce, “Baba, haka kamfani ya yi shi. Babban nan shi ne ke ba ƙanana wuta. In babu shi, su ba ya magana.”

“Haka matan Warra ka cewa, wai haka taru yak kamo su. Kai yaro, ni ka kihe kwando tun ba a haihe ka ba. Ka sa babba guda bisa, ka cika mani ƙasa da tarkace, ka ce in biya kuɗin shidda? Hiddo mani shidda kai ɗaya.”

Ibuka ya dube ni. Fatoma ya dube ni. Maƙwabtan shago sun taru suna kallo. Abin da ya kamata in ce a bayyane yake, amma yaya zan buɗe baki a gaban baƙi, a garin mutane, in ce wa wanda ya riƙe ni bai san abin da yake yi ba? Kuma da kuɗinsa? Na ce a hankali, “Kawu, tebur ɗin dai ƙarami na.”

“Tebur ka bin kaya ko kaya ka bin tebur? Ɗana ba shi aiki da abin wasan yara, mutane su ce Bawa ya yi rowa.”

Ibuka ɗan kasuwa ne. Ya ɗaga kafaɗa, ya shiga ciki, ya sa aka fara fito da wasu sifiku irin na majigi, kowacce ta kai min ƙugu, da na’urar ƙara sauti mai nauyin injin niƙa. Aka kunna, ƙirjina ya yi ta rawa, wata akuya da ke ɗaure a waje ta tsinke igiya. Fuskar Kawu ta washe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jinjinawa, ya tabbatar duk nauyinsu ɗaya, ya yi ciniki na fitar hankali har Ibuka ya rantse da kabarin ubansa. Da za mu tafi Ibuka ya riƙe hannuna ya ce, “Aboki, sannu.” Ban taɓa jin sannun da ta ƙona min rai kamar wannan ba.

Dawowa ba ni da abin faɗi. Sifiku a baya an lulluɓe su da tamfol ɗin kifi, Kawu yana gaya wa kowane mai shinge cewa na ɗansa ne injiniya, ni kuwa ina ta lissafin taƙi huɗu a zuci. Dogo ya sake tsinke birkinsa a Okene, da baki.

Da muka iso Yelwa na sa aka kai guda ɗaya shago don gwaji. Ko ƙofa ba ta gama shiga ba Isiyaku ya tsayar da keke.

“Wanga mi na?”

“Sifika ta.”

“Guda nawa?”

Na faɗa masa. Ya cire tsinken da ke bakinsa ya ce, “Sanusi, mun yi magana ni da kai. Ko su ko kai.”

Duk da haka na roƙe shi na jingina ta da tebur na minti kaɗan. Fuskar amaryar da nake aiki a kanta ta koma kore shar, angon ya zama shuɗi. Masu ɗinki suka kwashe da dariya. Na sa aka mayar da ita gida, aka jibge duka shidan a ɗakinmu. Hadiza sai ta taka ɗaya take hawa gado, kuma ta daina yi min magana sai da dalili. Na ci gaba da aiki da masu kukan saurona, ina addu’ar kada Kawu ya leƙo.

Ranar kasuwa ya leƙo, da abokansa biyu da ya gayyato su ga kaya. Ya dubi tebur, ya dubi bango, ya dube ni.

“Ina su?”

Abin da na guje wa a Anaca a gaban baƙi, sai ga shi na yi a Yelwa a gaban waɗanda suka san shi. Na ce, “Kawu, ba su shiga. In sunka shiga, ni ka hita.” Isiyaku ya sunkuyar da kai yana neman zaren da bai ɓace ba.

 Kawu ya matso ya ɗora hannunsa a kan teburin, ya auna da taƙinsa, bai ma cika huɗu ba. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, “Na hana ka yi mani musu gaban mutane, gaskiya ta. Amma ɗakin albasa mu biyu munka kwana. Can ma mutane na?” Ya juya ya fita, abokansa suka bi shi. Ni aka cuta, ni aka bari da kunya, kuma ni ne mai laifi. 

Washegari ya aiko da kura aka kwashe sifikun daga ɗakinmu. Bai neme ni ba, na je gaisuwa ya amsa a taƙaice. Da mota ta sake tashi bai ce in shirya ba.

Ranar da ya dawo ko gida bai je ba, ya zo shago da ƙurar hanya a jikinsa da wani ɗan ƙulli a hammata. Dattijon da ya haura sittin ya sake ɗaukar kayan nan har Anaca, ya sake tsayawa gaban Ibuka ya ce a canza. Ya kwance ƙullin a kan teburina. ’Yan sifikun nan ne baƙaƙe guda biyar, an naɗe kowacce da tsumma.

“Ga su,” in ji shi. “Dut ƙanana, kai ɗaya.”

Na ce, “Kawu, babban fa?”

“Ya so shi cusa mani shi. Har bin mu yay yi da shi bakin mota yana ihu. Nac ce mashi teburin ɗana taƙi huɗu na, shi riƙe abinai, na bar mashi kyauta.” Ya dube ni yana jiran in yi murna. “Yanzu sun shiga ko?”

Na dubi sifikun, na dubi idanunsa da suka yi ja don rashin barci. Na ce, “Sun shiga, Kawu. Allah shi saka da alheri.”

Na jera biyu a gaba, ɗaya a kan talabijin, Isiyaku da kansa ya buga min ƙusa biyu a bayan kujera. Sun zauna ɗas kamar don teburin aka yi su, kuma babu wadda za ta taɓa cewa uffan. Na tura tsofaffin nawa bayan talabijin inda ba a gani, na zaunar da Kawu a kujerata, na kunna masa faifan wani suna. Ya lumshe ido yana saurare. Can ya ɗaga yatsa ya nuna bayansa ya ce, “Wanga na hagu ya hi daɗi.”

Saboda haka masu tambayata me ya sa na bayan ba sa magana, kun ji dalili. Ina nan a kusurwata, ina aiki da kukan sauro kamar da. Kawu ba ya karatun boko, kuma duk wanda ya karanta masa wannan, ban yafe ba.